Furotin: Me Jiki Yake Yi da Shi, kuma Nawa ne Ya Wadatar?

A kowace rana jikin babban mutum yana rushe furotin da ya kai giram 250 zuwa 300, ya sake gina wani a madadinsa. Abin da akasarin mutane ke ci a yini kuwa tsakanin giram 50 ne zuwa 100. Wanda ya gane dalilin wannan tazara ya gane rabin batun. Jiki yana warware tsohon furotin ɗinsa, ya tsince abin da ke da sauran amfani, ya mayar da shi bakin aiki. Wanda muke ci cike gurbi yake yi, gurbin ɗan abin da ya salwanta ta fitsari da bayan gida da gashi da farce da fatar da ke saɓulewa ba mu sani ba. Cikon ba shi da yawa, sai dai kullum ake buƙatarsa, domin jiki yana da wurin ajiyar kitse, yana da ɗan wurin ajiyar sukari a hanta da tsoka, amma ba shi da wurin da yake tara furotin don gobe.

Masana sun kasa abubuwan da jiki ke nema daga abinci gida biyu. Akwai waɗanda ake buƙata da yawa har ana auna su da giram: sitaci da sukari, mai da kitse, sai furotin. Akwai kuma waɗanda ɗan mitsitsi ya isa, wato bitamin da ma'adanai irin su ƙarfe, kalsiyam, zink da aidin. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Ta fuskar ba da kuzari ke nan furotin bai fi sitaci da komai ba. Inda ya sha bamban shi ne wani sinadari da ake kira naitirojin. Sitaci da mai ba su da shi, furotin kuwa kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne. Jiki yana iya mayar da sukari kitse, yana iya mayar da furotin sukari, amma ko an cika shi da sukari da mai ba zai iya ƙera furotin daga cikinsu kaɗai ba. Tun a 1816 wani masani Bafaranshe, François Magendie, ya ciyar da karnuka sukari da ruwa zalla, wasu kuma man zaitun da ruwa, duk suka rame suka mutu cikin makonni. Yau mun san bitamin ma sun rasa, amma gwajin shi ya fara nuna cewa ƙoshi daban, gina jiki daban.

Haruffa ashirin

Furotin ba abu ɗaya ba ne. Dubban nau'o'i ne, kowanne doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke aiki da su. A ɗauke su kamar haruffa: da 'yan haruffa ƙalilan ake rubuta kalmomi marasa iyaka, ma'anar kalma kuwa tana ga yadda aka jera su. Insulin, mai daidaita sukarin jini, amino asid 51 ne kacal. Taitin da ke cikin tsoka wasu nau'o'insa sun haura 30,000. Bayan an jera sarƙar sai ta nannaɗe kanta ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma siffar ce ke ba ta damar yin aikinta.

Cutar sikila ta isa misali a kan muhimmancin jerin. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jan jini, yana da sarƙoƙi huɗu. Biyu daga ciki kowace tana da amino asid 146. A jikin mai sikila, a gurbi na 6 na wannan sarƙa, amino asid mai suna balin ne ya zauna inda wani mai suna gulutamik asid ya kamata ya zauna. Shi ke nan bambancin, harafi ɗaya cikin 146. Amma da zarar oksijin ya yi ƙasa, himogulobin ɗin sai ya manne da juna ya yi dogayen zaruruwa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya taso. Vernon Ingram ne ya gano wannan a Kambirij ta Ingila a tsakiyar shekarun 1950. Gado ne ke tsara jerin, don haka babu abincin da zai gyara shi. Abinci haruffan kawai yake kawowa.

Da yawa idan an ambaci furotin tsoka ce ke faɗo musu a rai, alhali ƙasa da rabin furotin ɗin jiki ne ke cikin tsoka. Kolajin, wanda ke riƙe fata da ƙashi da jijiyoyi, shi kaɗai ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Gashi da farce keratin ne. Sojojin garkuwar jiki da ke gane ƙwayar cuta su kama ta furotin ne. Inzayim ɗin da ke tafiyar da kusan duk wani aikin sinadarai a jiki furotin ne. Albumin da hanta ke yi shi ke riƙe ruwa a cikin hanyoyin jini kada ya tsiyaye ya taru a ƙafafu da ciki. Kuma duk waɗannan suna tsufa. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a sauya ta. Shimfiɗar cikin hanji ba ta wuce kwana 3 zuwa 5.

Daga baki zuwa hanta

A bi dafaffen ƙwai guda a ga inda yake ƙarewa. Tun a tukunya aikin ya fara. Farin ƙwai ɗanye ruwa-ruwa ne garai-garai, da ya ji zafi sai ya daskare ya yi fari fat. Abin da ya faru shi ne zafin ya warware naɗin sarƙoƙin, suka buɗe suka sarƙe da juna. Amino asid ɗin suna nan yadda suke, sai ma suka fi sauƙin kaiwa gare su. Wani bincike da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna jiki yana narkar da kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa wajen rabi. Masu kwankwaɗar ɗanyen ƙwai don neman ƙarfi asara suke yi, ga kuma kasadar ƙwayoyin cuta. Haka wake yake: ɗanyensa yana ɗauke da sinadaran da ke hana narkewar furotin, dahuwa ce ke kashe su.

A ciki, ruwan asid yana ƙara warware sarƙoƙin, inzayim mai suna fefsin ya fara datsa su. A ƙaramin hanji wasu inzayim daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, su ci gaba da yankawa har sai an koma amino asid ɗai-ɗai ko bibbiyu ko uku-uku, sannan bangon hanji ya tsotse. Su kansu masu yankan furotin ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi ya sa yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu ko an ba shi abinci mai kyau hanjinsa ba ya iya sarrafa shi yadda ya kamata.

Akwai abin lura a nan. Jiki ba ya karɓar furotin da siffarsa, sai ya wargaza shi. Naman da aka ci ba ya tafiya ya liƙe a damtse. Amino asid ɗin da ya fito daga wake da wanda ya fito daga kifi, da sun shiga jini babu mai iya bambanta su. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake yi wa masu ciwon sukari allurar insulin: in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci. Duk mai tallar wani furotin da zai tafi kai tsaye ya gyara fata ko gwiwa, ya kamata a tambaye shi ta wace hanya zai tsallake hanji.

Daga hanji jini yana kai su hanta, ita ke rabo. Abin da ake buƙata don gini ya tafi gini. Rarar kuwa ba a ajiye ta. Hanta tana cire naitirojin ɗin, wanda in an bar shi a matsayin amoniya guba ne, ta mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar ta fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana wannan zagaye a 1932. Abin da ya saura bayan an cire naitirojin sai a ƙone shi don kuzari, ko a mayar da shi sukari ko kitse.

Tara da ba a iya ƙerawa

Cikin amino asid 20 ɗin nan, jiki yana iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 dole su zo daga abinci. William Rose na Jami'ar Illinois, wanda ya gano ɗaya daga cikinsu, tireyonin, a 1935, shi ya tantance yawancinsu ta hanyar ciyar da ɗalibai masu sa kai abincin da aka haɗa da tsurar amino asid, yana zare ɗaya bayan ɗaya yana duba wanda rashinsa ke sa jiki ya fara cin kansa. Ya samu 8, daga baya aka ƙara histidin.

Ingancin furotin ya rataya ne a kan waɗannan 9. Idan ana tsakiyar rubuta kalma harafi ɗaya ya ƙare, yawan sauran haruffan ba zai amfana komai ba, rubutu ya tsaya. Ƙwai, madara, kifi da nama suna ɗauke da duka taran a kan ma'aunin da ya yi kusa da buƙatar ɗan'adam. Tsirrai ma suna da duka taran, sai dai wani yakan yi ƙaranci. Hatsi irin su alkama, shinkafa da masara laisin ne ke musu ƙaranci, masara har da tiriftofan. Dangin wake suna da laisin a wadace, metiyonin ne rauninsu, shi kuwa hatsi yana da shi. Idan aka haɗa biyun kowanne ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Mutanen Meziko da masara da wake, mutanen Indiya da shinkafa da dangin wake, sun daɗe da dacewa da wannan tun ba a san sunan laisin ba. An taɓa koyar da cewa sai an ci su a zama ɗaya. Ga babba mai lafiya ba lallai ba ne, in an ci su cikin yini guda ya wadatar, domin akwai ɗan amino asid da ke yawo a jini da tsoka yana jiran abokin haɗi.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'aunin inganci, wanda ta fito da shi a 1991 ta kuma ba da shawarar sabunta shi a 2013. A kan ma'aunin madara da ƙwai suna sama, waken soya na biye da su kurkusa, alkama ita kaɗai ba ta kai rabi ba. Ni dai ina ganin an fi ba wannan jeri muhimmancin da ya wuce kima, tunda ba mai rayuwa a kan abinci ɗaya tak in yana da zaɓi. Inda yake da amfani sosai shi ne wurin waɗanda ba su da zaɓin. Rogo misali, giram 100 nasa furotin ɗin ciki bai kai giram 2 ba. Babba zai ci fiye da kilo 3 kafin ya haɗa giram 50. Ƙaramin yaro kuwa cikinsa zai cika tun bai samu buƙatarsa ba.

Nawa ne ya isa?

An daɗe ana wannan gardama. A ƙarni na 19 Carl von Voit na Jamus ya duba abin da ma'aikata ke ci ya ce namiji mai aiki yana buƙatar giram 118 a rana. Kuskurensa shi ne ya ɗauki abin da mutane ke ci a matsayin abin da suke buƙata. A farkon ƙarni na 20 Russell Chittenden na Jami'ar Yale ya gwada a kan kansa da sojoji da 'yan wasa, ya ga wajen rabin wannan ma yana riƙe mutum cikin ƙoshin lafiya. Alƙaluman yau sun fi kusa da nasa. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na 2007 ya sa matsakaiciyar buƙatar babba a giram 0.66 ga kowane kilo na nauyin jiki, ya kuma sa giram 0.83 a matsayin adadin da zai wadatar da kusan kowa. A Amurka 0.8 ake faɗa.

Mai nauyin kilo 60 ke nan yana neman wajen giram 50 a rana, mai kilo 70 kuma wajen 58. A gani a faranti: ƙwai biyu giram 12, kofin madara giram 8, dafaffen wake giram 200 ya ba da wajen 16, dafaffiyar shinkafa giram 300 wajen 8, yanka biyu na burodi wajen 6. An kai 50 ke nan ba a taɓa nama ba. A lura da yadda shinkafa da burodi, waɗanda ba a lissafa su cikin masu gina jiki, suka kawo fiye da rubu'in adadin. Fiye da rabin furotin ɗin da duniya ke ci daga tsirrai yake fitowa, hatsi ne kan gaba. Dafaffen ƙirjin kaza kuwa giram 100 kaɗai yana ba da wajen 30.

Adadin nan na hana rashi ne ga babba mai lafiya, kuma wasu masu bincike a Kanada da suka auna ta wata hanya daban suna ganin ya kamata ya kusanci giram 1.2 ga kowane kilo. Akwai kuma waɗanda kowa ya yarda buƙatarsu ta ɗara haka. Mai juna biyu, daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa, ana sa mata wajen 1.1, mai shayarwa wajen 1.3. Wanda ya ƙone, ko aka yi masa babbar tiyata, ko yake fama da doguwar jinya, jikinsa yana rushe furotin da sauri, buƙatarsa ta hau. Tsofaffi su aka fi mantawa da su. Daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri, kuma tsokar tsoho ba ta amsa ɗan furotin kaɗan yadda ta matashi ke yi. Ga haƙora sun yi rauni, ga sha'awar abinci ta ragu, sai a koma kan abu mai laushi wanda galibi sitaci ne. Wani kwamitin masana a 2013 ya ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2 a kowane kilo ga waɗanda suka haura shekara 65, tare da motsa jiki. Tsohon da tsokar cinyarsa ta zube shi ne ke kasa tashi daga zaune, shi ne ke faɗuwa ya karye.

Jariri kuwa abin mamaki ne. Yana ninka nauyinsa cikin wata biyar zuwa shida, amma nonon uwa furotin ɗinsa wajen giram 1 ne a cikin mililita 100, na saniya ya haura giram 3. Ɗan kaɗan ɗin nan ya dace da shi daidai, na saniya tsurarsa nauyi ne ga ƙodar sabon haihuwa.

Lokacin da aka ɗora wa furotin laifin komai

A 1933 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ta bayyana wata cuta ta yaran da aka yaye aka ɗora su kan abincin masara: kumburin ƙafafu da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓa, yaro ba ya walwala. Ita ce kwashiyoko. Aka danganta ta da rashin furotin, kuma daga shekarun 1950 duniya ta tafi a kan cewa babbar matsalar abinci a ƙasashe matalauta ita ce ƙarancin furotin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a 1955. Aka zuba kuɗi wajen ƙirƙiro garin kifi, har da furotin daga ƙwayoyin yis da ake kiwo a kan albarkatun man fetur.

A 1974 Donald McLaren, wanda ke koyarwa a Beirut, ya yi rubutu a mujallar likitanci ta Lancet ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Yawancin yaran nan abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Hujjarsa tana da tushe a yadda jiki ke aiki: kuzari yake fara nema kafin gini. Idan kalori bai isa ba, furotin ɗin da aka ci ƙone shi za a yi don a rayu, in bai isa ba a juya kan tsoka. Ba wa yaro mai yunwa cokalin garin furotin ba tare da isasshen abinci ba, itacen girki mai tsada kawai aka ba shi. An kuma gano cewa an yi wa buƙatar yara kiyasin da ya wuce gaskiya, da aka gyara lissafin sai giɓin da ake ta kururuwa a kansa ya ragu ƙwarai.

Ita kanta kwashiyoko ta ƙi zama a inda aka ajiye ta. An ga kumburin yana sacewa tun yaro yana kan abinci mai ƙarancin furotin. Wani bincike a kan tagwaye a Malawi da aka wallafa a 2013 ya nuna ƙananan halittu irin su bakteriya da ke zaune a hanji suna da hannu, tunda tagwaye na cin abinci ɗaya amma ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. A asibiti ma, yaron da tamowa ta kwantar ba a fara masa da furotin mai yawa. Madarar farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, F-75, furotin ɗinta bai kai giram 1 ba a mililita 100, domin hantar yaron da ƙodarsa ba za su ɗauki fiye da haka ba. Sai ya farfaɗo ake matsawa zuwa F-100 mai kusan giram 3.

Sai dai bayan 1974 an so a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, aka koma maganar kalori da bitamin kamar furotin ba ya cikin lissafi. Har yanzu yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 150 ne a duniya suka tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wani bincike na 2016 a karkarar Malawi ya samu amino asid ɗin nan tara sun yi ƙasa a jinin yaran da suka tsumbure. A Ikwado an ba jarirai ƙwai ɗaya kullum na wata shida, tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga bambanci a tsayi ba, mai yiwuwa don yaran can suna samun kifi, ga kuma yawan cututtuka da ke cinye abin da aka ci. Gudawa da tsutsar ciki da zazzaɓi suna iya kwashe ribar abinci mai kyau kafin ta kai ga ƙashi.

Ɗaya gefen: yayin ƙari

A ƙasashe masu wadata yawancin mutane sun riga sun wuce giram 0.8 ga kowane kilo nesa ba kusa ba, amma a can ne kasuwar garin furotin ta fi ci. Masu ɗaga ƙarfe da 'yan wasa lallai suna amfana da ƙari, ana sa musu tsakanin 1.2 da 2.0. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 49 ya nuna ribar tana tsayawa a wajen 1.6, abin da ya haura nan bai ƙara tsoka a zo a gani ba. Kuma sai an wahalar da tsokar take neman kayan gini. Wanda ya sha garin ya kwanta, hantarsa ce za ta yi aikin mayar da shi yuriya. Garin kansa ba wani sihiri ba ne, yawancinsa daga ruwan da ke rage bayan an yi cuku ake tace shi, ko daga waken soya. Amfani ɗaya da ba a musu a kansa shi ne furotin yana riƙe ciki fiye da sitaci, yana kuma taimaka wa mai rage ƙiba kada tsoka ta tafi tare da kitse.

Batun ƙoda yana buƙatar a rarrabe. Ga mai lafiyayyar ƙoda, gwaje-gwaje ba su nuna cewa ƙarin furotin daidai misali yana lalata ta ba. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta fara rauni, likita yakan rage masa, kuma da yawa ba su san tasu ta fara ba, musamman masu hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya kai ga wankin ƙoda kuma ƙari ake ba shi, don na'urar tana ɗebe wani ɓangare na furotin ɗin. Wannan hukunci na likita ne.

Abin da ya fi adadin giram tasiri ga lafiyar babba shi ne abin da furotin ɗin ya zo da shi. Wake yana zuwa da harza mai gyara hanji. Kifi mai maiƙo yana zuwa da man da zuciya ke so. Nama yana zuwa da ƙarfen da jiki ya fi saurin tsotsa da zink da bitamin B12, wanda ba a samun sa a tsirrai, don haka wanda ya bar duk abincin dabba dole ya nemi B12 ta ƙwaya ko abincin da aka ƙara masa shi. Naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran adanawa, irin su sosej, yana zuwa da nasa kayan: a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar babban hanji, inda cin giram 50 kullum ke ƙara haɗarin da wajen kashi 18 cikin 100.

Ko lambar da ake bugawa a jikin gwangwani tana da nata labarin. A mafi yawan lokuta ba furotin ake aunawa kai tsaye ba. Naitirojin ake aunawa, a ninka da 6.25, bisa hanyar da Johan Kjeldahl na Denmak ya fito da ita a 1883 da wasu makamantanta. Gwajin bai san daga ina naitirojin ya fito ba. A 2008 a China wasu suka yi amfani da wannan kafa: suka tsarma madara da ruwa, suka zuba melamin, sinadarin yin robobi wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, gwaji ya nuna furotin ya cika. Jarirai kimanin 300,000 suka kamu da matsalar ƙoda da tsakuwar fitsari, aƙalla 6 suka rasu. A 2010 hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta ƙayyade cewa melamin kada ya wuce miligiram 1 a kowane kilo na garin madarar jarirai, da miligiram 2.5 a sauran abinci, kuma gano shi yana buƙatar gwaji na daban da wanda ake auna furotin da shi.